Yadda Ake Hana Robar Silikon Komawa Ƙin Ruwa Bayan An Yi Mata Filasma

Duk wanda ya taɓa haɗa cip mai siraran magudanai (ɗan faifai mai ƙananan hanyoyin ruwa da ake gwaji da shi a ɗakin bincike) da robar silikon ya san wannan matsala. Da safe an fito da shi daga injin filasma (iskar da lantarki ya kunna har tana haske, wadda ke sa saman robar ya so ruwa), an ɗiga ruwa a bakin rami, ruwan ya ruga da kansa ya cika magudanar tun kafin a ɗauke hannu. Bayan la'asar an sake ɗigawa, sai ɗigon ya tsaya ƙiƙam kamar raɓa a kan ganyen gwaza. A tura shi da sirinji, kumfa ta maƙale a lungu, gwajin ya lalace. A nan Yamai abin ya fi saurin faruwa fiye da yadda ake karantawa a takardun binciken Turai da Amurka, domin can ɗakin aikinsu yana kusan 20 zuwa 22°C, mu kuwa a watan Afirilu da Mayu, idan aka ɗauke wuta kilim ya tsaya, ɗaki yakan haura 35°C cikin ɗan lokaci.

Wannan jagora ta shafi robar da ake kira PDMS, musamman Sylgard 184 na kamfanin Dow, wadda ita ce kusan kowa ke amfani da ita tun bayan da rukunin George Whitesides na jami'ar Harvard ya nuna a 1998 yadda ake zuba ta a kan ma'auni, wato abin zubi mai zanen magudanan, a manna ta da gilashi ta hanyar filasma.

Daga ina ƙin ruwan yake dawowa

PDMS doguwar sarƙa ce ta siliciyom da oksijin suna bin juna, kowane siliciyom yana riƙe da rukunin metil guda biyu. Waɗannan metil ɗin su ne suke fuskantar waje, kuma su ne ba sa shiri da ruwa. Shi ya sa ɗigon ruwa a kan robar da ba a taɓa ba yake yin kusurwa ta digiri 105 zuwa 110 tsakanin gefen ɗigon da saman robar; ƙaramar kusurwa son ruwa ce, babba ƙin ruwa. Filasma ta oksijin ko ta iska tana ƙone metil na sama, ta bar rukunin silanol, wato siliciyom riƙe da OH, tare da wani ɗan ɓawo siriri mai kama da gilashi. Nan take kusurwar takan faɗi ƙasa da digiri 20.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne wannan gyara siriri ne ƙwarai, da nanomita ake auna kaurinsa, a ƙarƙashinsa kuma robar tana nan yadda take, mai laushi, sarƙoƙinta na motsi ko a sanyi. Kuma a cikinta akwai guntayen sarƙoƙi waɗanda ba su ɗauru da sauran ba lokacin da ta ƙame. Suna nan kamar mai a cikin soso. Idan aka wanke roba da sinadari mai ƙarfi, nauyinta yakan ragu da kusan kashi 5 cikin ɗari, wanda yake nuna yawansu. Su ne suke tasowa a hankali, su biyo ta tsagogin ɓawon, su lulluɓe saman da aka gyara. Wannan shi ne babban dalili. Akwai ƙanana biyu: rukunonin silanol suna juyawa su nutse ciki idan busasshiyar iska ce a kansu, kuma maƙwabtan silanol suna haɗewa su saki ruwa, su zama gadar da ba ta jan ruwa sosai. Zafi yana gaggauta dukkan ukun.

Wannan halin da ke ba mu wahala shi ne ya sa ake yin abin riƙe wayoyin babbar lantarki da robar silikon: ko ƙura ta hau kansa, ko tartsatsi ya ƙone samansa, man cikin yana tasowa ya maido da ƙin ruwa. Wato robar tana aikinta ne. Tunda matsalar daga ciki take fitowa, ƙara daɗewa a injin filasma ba ya maganinta. Rabin aikin kafin filasma ake yin sa.

Fara da abin awo

Kafin a canza komai, a tanadi hanyar auna kusurwa, in ba haka ba za a yi ta gardama a kan abin da ido ya gani. Ba sai da na'ura mai tsada ba. A yanka ƴan faifai na roba, santimita 2 a kan 2, daga kwaɓin da aka yi cip da shi, a riƙa yi musu duk abin da aka yi wa cip ɗin. Su ne shaidu, domin ba a iya ɗiga ruwa a auna a cikin rufaffiyar magudana.

A ɗiga mikrolita 5 na tataccen ruwa, a ɗauki hoto daga sama da wayar hannu, da rula a gefe. Faɗin gindin ɗigon yana nuna kusurwar. Milimita 2.2 yana nufin kusan digiri 110. Milimita 2.7 digiri 90 ne, 3.4 digiri 60, 4.5 digiri 30, 5.8 kuwa kusan digiri 15. Wanda yake da ɗan gilashin ƙara girma na waya zai iya ɗauka daga gefe, ya auna tsayin ɗigon da faɗinsa a manhajar ImageJ: a ninka tsayin sau biyu, a raba da faɗin, a nemi arktanjant, a ninka sau biyu. A ɗauki hoton cikin daƙiƙa 10. A watan Fabrairu da Maris iskar Yamai a bushe take ƙwarai, ɗigon mikrolita 5 yana fara shanyewa nan da nan, tsayinsa ya ragu gindinsa na nan, sai a samu kusurwa ƙarama ta ƙarya. Kowane awo a yi shi a sabon wuri, ɗigo uku a ƙalla.

Me ya sa lambobin suke da muhimmanci? Ƙarfin da ke jan ruwa cikin siririyar hanya yana bin kosinus na kusurwar. A bututu mai faɗin mikromita 100, a digiri 20 jan yana kusan faskal 2,700, daidai da tsayin ruwa na santimita 27. A digiri 60 ya koma kusan 1,400. A digiri 80 bai fi 500 ba, a 90 babu komai. Don haka kowane aiki ya yanke wa kansa iyaka. Cip da ake tura wa ruwa da famfo zai iya aiki a digiri 70. Wanda ake so ɗigon jini ya shiga da kansa yana buƙatar ƙasa da 50 ko 60, kuma da tazara.

Kwaɓi da gashi

Sylgard ruwa biyu ne da ake haɗawa: a auna da sikeli, kashi 10 na tushe da kashi 1 na mai ƙamarwa, bisa nauyi. Kada a rage mai ƙamarwa don a samu roba mai laushi idan ana son son-ruwa ya daɗe, domin kwaɓin 15 ko 20 da 1 yana barin sarƙoƙi da yawa a sake. A gauraya sosai minti 3 zuwa 5, ana kankare gefen kofi da gindinsa, saboda ɓangaren da bai gauraya ba shi ne yake zama rumbun mai daga baya. A zuƙe kumfa a tukunyar zuƙe iska minti 20 zuwa 30. Takardar kamfanin ta ba da kusan awa ɗaya da rabi na lokacin aiki a 25°C. A ɗakin da ya kai 35°C kwaɓin zai yi kauri tun kafin haka, don haka a kwaɓa kaɗan kaɗan.

A sa safar hannu ta nitiril wadda ba ta da hoda. Ta latas tana ɗauke da sulfa, sulfa kuma yana kashe filatinom ɗin da ke sa robar ta ƙame. Alamarsa ita ce wurin da yatsa ya taɓa ya zauna da danƙo, kuma irin wannan wuri ba ya riƙe gyaran filasma ko na awa ɗaya.

Gashin farko a kan ma'auni, 65 zuwa 70°C na awa 2 zuwa 4. Idan farantin roba na fetiri ne kada a wuce haka, zai lanƙwashe. A ɓare, a yanka, a huda ramuka. Sai gashi na biyu, wanda mutane da yawa suke tsallakewa: a jera guntayen a kan gilashi, fuskar magudana tana kallon sama, a rufe da takardar alminiyom sako-sako, a bar su a tanda mai 100°C kwana biyu zuwa huɗu. Binciken da aka wallafa a 2006 daga jami'ar Wisconsin ya nuna cewa tsawaita gashi kafin filasma yana jinkirta dawowar ƙin ruwa sosai, saboda sarƙoƙin da suka rage suna ƙarasa ɗauruwa, masu sauƙi kuma suna tashi. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya ba a yi asara ba, a ci gaba daga inda aka tsaya, a lissafa awoyin da tandar ta yi da zafi. Robar za ta ɗan ƙara tauri ta ɗan tsuke, don haka idan za a daidaita bene biyu a kan juna, a gasa su tare.

A ganinmu wannan mataki shi ne mafi riba ga ɗakin binciken da ba shi da kuɗi da yawa. Ba ya buƙatar sayen komai.

Wanke man da sinadari

Idan ana son saman ya zauna da son ruwa kwanaki a busasshiyar iska ba tare da shafi ba, sai an cire man gaba ɗaya. Dabarar ita ce a jiƙa robar a sinadarin da ke kumbura ta, guntayen sarƙoƙi su fito, sannan a sauko da kumburin a hankali ta sinadarai masu raguwar ƙarfi. Awon da rukunin Whitesides ya wallafa a 2003 ya nuna yadda tsawon robar yake ƙaruwa: sau 1.58 a tiriyetilamin, 1.44 a fentan, 1.35 a hekzan, 1.18 a etil asetat, 1.06 a aseton, 1.04 a etanol. Daga nan za a gane cewa wanke cip da alkol na kantin magani kusan ba ya cire komai daga ciki, saman kawai yake sharewa. A 2006 wani rukuni a jami'ar jihar Kolorado ya bi jerin tiriyetilamin, etil asetat, aseton kafin filasma, saman ya zauna da son ruwa a ƙalla mako guda a iska.

Ga tsarin da ya dace da guntu mai kaurin milimita 3 zuwa 5. A auna nauyinsa a rubuta. A saka a kwalbar gilashi mai murfi, sinadarin ya ninka girman robar sau 20 ko fiye, ana motsawa a hankali. Awa 2 a tiriyetilamin ko hekzan, a zubar a sa sabo, wasu awa 2. Sai awa 2 a etil asetat, sai awa 2 a aseton, shi ma a canza sau ɗaya. A fitar a shanya a ƙarƙashin murfin zuƙe hayaƙi har wari ya tafi, a ƙalla dare ɗaya, sannan a tanda mai 80 zuwa 90°C na wasu awoyi. A sake aunawa. Idan nauyin ya ragu da kashi 3 zuwa 5 kuma ya daina sauya tsakanin awo biyu, wanki ya yi, sinadari ya fita. Idan ya fi na farko nauyi, akwai sauran sinadari a ciki.

Kurakuran da ake yi a nan guda huɗu ne, kuma biyu daga cikinsu na iya jawo gobara. Na farko, fentan. Yana tafasa a 36°C, wato zafin ɗakinmu ne a bazara. Murfin kwalba zai iya tashi, tururin kuma yana kama wuta da ƙaramin tartsatsi. A bar shi kwata-kwata. Hekzan yana tafasa a 69°C, etil asetat 77, aseton 56, su ma a yi aikinsu da sassafe, nesa da tanda da injin filasma. Na biyu, saka robar da ke jiƙe da sinadari kai tsaye a tanda. Na uku, fitar da kumburarriyar roba daga hekzan zuwa iska: saman yana bushewa kafin ciki, sai ta tsage. A lokacin kumburi robar tana da rauni, a ɗauke ta da cokali mai faɗi, kada a matse ta da hantsaki. Na huɗu, wanki bayan an manna da gilashi. Robar za ta kumbura gilashin bai kumbura ba, ko ta ɓalle ko gilashin ya fashe. Wanki kafin manni ne. Tiriyetilamin yana da wari mai ƙarfi, yana ƙona ido da fata, wanda ba shi da murfin zuƙe hayaƙi mai aiki kada ya buɗe shi.

Filasmar kanta

Kafin a saka, a ɗauke ƙura da salatif irin na Scotch Magic, a manna a ɓare sau biyu ko uku. Lokacin hunturu robar tana jan ƙura kamar maganaɗisu saboda busasshiyar iska tana tara mata caji, don haka a bar salatif ɗin a kai, a ɓare shi dab da lokacin da za a rufe ƙofar injin. Gilashi a wanke shi da aseton, sai isofurofanol, sai tataccen ruwa, a busar sarai.

A ƙaramin injin tebur mai wat 18 zuwa 30, matsi tsakanin milibar 0.3 da 0.7, daƙiƙa 20 zuwa 60 sun isa. Da iskar ɗaki hasken yakan fito ruwan hoda mai haske zuwa shunayya. Idan ya dushe ko yana kiftawa, matsin bai daidaita ba, a duba robar bakin ƙofa, ƙura takan hana ta rufuwa. Ƙarin lokaci ɓarna yake yi: ɓawon gilashin yana ƙara kauri ya yi gautsi, robar ƙarƙashinsa tana miƙewa da zafi shi ba ya miƙewa, sai ya tsattsage, tsagogin nan kuwa su ne hanyar da mai ke bi. Minti 5 a filasma yakan ba da kusurwa mai kyau a awon farko, sannan ya lalace, mannin ma ya yi rauni. Saboda wannan dalilin, bayan filasma kada a lanƙwasa guntun, kada a danna shi da ƙarfi. A ɗora a kan gilashi cikin minti ɗaya, a bar mannin ya bazu da kansa, a ɗan taɓa gefe idan ya tsaya.

Mai amfani da tsantsar oksijin daga tulu ya tabbata man famfon zuƙe iskarsa irin wanda aka yi don oksijin ne, kamar Fomblin. Man famfo na yau da kullum da tsantsar oksijin haɗari ne. Iskar ɗaki ta wadatar ga yawancin aiki. Wanda ba shi da injin kuma yana da sandar korona ta hannu irin BD-20, mai fitar da tartsatsin lantarki, ya riƙa zagaya ta milimita 5 sama da robar, daƙiƙa 30 zuwa 60, taga a buɗe saboda ozon. Sakamakonta bai kai na injin daidaito ba, don haka ya ƙara yawan faifan shaida.

Mintuna goma na farko

Nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. Kusan kowace takardar koyarwa tana cewa a gasa cip bayan manni a 80°C na awa ɗaya ko dare guda don ya ƙara ƙarfi. Gaskiya ne mannin yana ƙarfi. Amma wannan gashin shi ne hanyar da masu yin ɗigon ruwa a cikin mai suke bi da gangan don su maido da ƙin ruwa. Mai son ruwa ya shiga da kansa, idan ya gasa busasshen cip dare guda, ya rushe aikinsa da hannunsa.

Abin yi shi ne a ba mannin minti 5 zuwa 10 a zafin ɗaki, ko minti 2 a kan farantin zafi mai 80°C, sannan a cika magudanar da tataccen ruwa a hankali, ba tare da matsi mai ƙarfi ba. Muddin ruwa yana kan saman, silanol suna fuskantar waje, man cikin kuma ba ya son fitowa ya tarar da ruwa. Idan aikin yana buƙatar manni mai jure matsi sosai, a gasa, sannan a sake yin filasma ga cip ɗin da aka riga aka haɗa. Sai dai a sani filasma ba ta shiga nesa a siririyar magudana. Kusa da ramuka za su gyaru, tsakiyar doguwar hanya ba lallai ba. A gwada da ruwa mai launi, a ga inda ya tsaya.

Ajiya a ruwa da a sanyi

Cika magudana kawai bai isa ba. Tururin ruwa yana ratsa PDMS cikin sauƙi, kuma abin da ke cikin magudanar bai fi ƴan mikrolita ba, a iskar rani zai ƙafe cikin awoyi ko an toshe ramukan. A nutsar da cip ɗin gaba ɗaya a kwalbar gilashi mai murfi cike da tataccen ruwa, a sa a firigo mai 4°C. Ruwan ya zama wanda aka tafasa ya huce, ko aka tace da matatar mikromita 0.22, a riƙa canza shi duk kwana biyu ko uku. Idan ƙwayoyin cuta suka yi yauƙi a kan saman, awon kusurwa zai yi kyau, amma son ruwan na yauƙin ne, gwajin kuma ya gurɓata. Ruwan batir da ake sayarwa a shagunan kayan mota ingancinsa ya bambanta daga wannan gora zuwa waccan. A auna shi da na'urar awon gishirin ruwa kafin a yarda da shi, ko a ɗiga a kan gilashi mai tsabta a bar shi ya bushe, idan ya bar farin zobe a ajiye shi gefe.

Robar da ta kwana biyu a ruwa takan yi fari-fari kamar hazo saboda ta sha ruwa kaɗan. Yana washewa idan ta bushe, amma mai ɗaukar hoto da madubin ƙara girma ya lissafa da wannan. Kuma daga lokacin da aka fitar aka busar, agogo ya ci gaba daga inda ya tsaya, don haka a fitar dab da aiki.

Busasshen cip kuma sanyi ne gatansa. A sa shi a farantin gilashi, a nannaɗe, a saka a leda mai zif, a kai firiza mai −20°C. Kada a daskarar da wanda ke cike da ruwa, ƙanƙara tana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, za ta ɓalle mannin. Idan an fitar, a bar ledar a rufe har ta dawo zafin ɗaki, musamman a watan Agusta da iska ke da laima, don kada raɓa ta kwanta a kai da dattinta. Saboda ɗaukewar wuta, a cika firizar da gorunan ruwa daskararru, a ajiye cip a tsakiyarsu, a rage buɗe ƙofa. Kada a ajiye gyararren cip a akwati ɗaya da ɗanyen kwaɓi ko robar da ba a gasa sosai ba, tururin silikon da ke tashi daga gare su yana sauka a kan gyararren sama, har gilashin ma yana ɓatawa. Salatif kuma bayan filasma ba ya taɓa wurin da ruwa zai bi.

Idan cip zai yi tafiya: shafin PVA

A ɗauka an haɗa cip a Yamai, za a yi aiki da shi a Tawa bayan mako biyu. Tafiyar ta fi kilomita 500, ta Doso da Dogondutsi da Birnin Ƙonni, a cikin mota mai zafi. Filasma ita kaɗai ba za ta kai ba. A nan ana amfani da ita a matsayin share fage: tana buɗe saman na ɗan lokaci, a yi sauri a ɗora wani abu mai son ruwa wanda zai zauna. Mafi sauƙi da araha shi ne folibinil alkol, PVA. Wani rukuni a Imperial College ta Landan ya wallafa wannan hanya a 2017, saman ya zauna da son ruwa har wata guda a iska.

A nemi garin PVA na ɗakin bincike, wanda aka rubuta kashi 87 zuwa 90 na haidirolisis a jikinsa; ya fi saurin narkewa. A kula, farin gam na kafintoci da wasu ke kira da waɗannan haruffa folibinil asetat ne, wani abu ne daban, ba ya wannan aiki. A zuba giram 1 a giram 99 na tataccen ruwa mai sanyi ana juyawa, kusan minti 30, don kada ya dunƙule. A auna nauyin kwalbar duka. A ɗora a wuta zuwa 85 ko 90°C ana juyawa har ya washe tas, a bar shi ya huce, a cika ruwan da ya ƙafe har nauyin ya dawo, a tace da matatar mikromita 0.45. A firigo yana yin mako biyu. Idan ya yi gizo-gizo a zubar.

Bayan manni da ƴan mintuna, a tura ruwan PVA ya cika magudanar, a bar shi minti 10. Sai a hure shi sarai da iskar azot (nitirojin), ko busasshiyar iska da ta bi ta matata, ko a zuƙe da sirinji daga ɗaya bakin. Sannan a ɗora a farantin zafi mai 110°C minti 15. Wannan gashin ba ya cutarwa, domin yanzu PVA ce a sama, zafin yana ƙara kafa ta ne. Ana iya maimaitawa sau biyu ko uku idan ana son shafi mai kauri.

Inda ake faɗuwa shi ne wurin hurewa. Duk ruwan da ya rage a lungu ko a mahaɗar hanyoyi zai bushe ya zama fata, ya toshe magudanar da ba ta kai mikromita 50 ba. A duba a madubi kafin a ɗora a wuta, idan an ga sauran ruwa a ci gaba da hurawa. Iskar kwamfuresa ta gareji tana ɗauke da mai da ruwa, ba ta dace ba. Idan aka jinkirta fiye da rabin awa tsakanin filasma da shafi, PVA za ta kwanta faci-faci, ruwan farko da ya bi ya ɗauke ta. Kuma tunda PVA tana narkewa a ruwa, cip mai wannan shafi a bushe ake ajiye shi, a leda mai zif da ɗan ƙunshin silika mai shan laima, a cikin akwatin ƙanƙara idan za a hau hanya. A haɗa da faifan shaida biyu a leda ɗaya, wanda ya karɓa a Tawa ya ɗiga mikrolita 5 ya auna kafin ya zuba samfurin da ba a samun irinsa sau biyu.

Akwai wasu hanyoyin. Sinadarin silan mai ɗauke da PEG, wata sarƙa mai son ruwa, yana ɗaurewa da silanol ɗauri na sinadari kuma yana rage maƙalewar furotin, sai dai yana da tsada, laima tana lalata kwalbar da aka buɗe, kuma idan aka narka shi a toluwen robar za ta kumbura. Ana kuma zuba ɗan haɗin PDMS da PEG a cikin kwaɓin tun farko, kashi 0.25 zuwa 1 cikin ɗari, wanda yake tasowa da kansa idan ruwa ya taɓa saman; idan ya yi yawa robar tana dushewa. Ga aikin yini ɗaya, wanke magudana da Pluronic F-127, wani sinadari mai kama da sabulu, kashi 1 cikin ɗari na rabin awa yana wadatarwa ko ba filasma. Kowanne daga cikinsu zai iya sakin wani abu a cikin samfur, don haka mai aikin ƙwayoyin halitta ko awon enzayim ya fara gwada cip ɗin da samfurin da ya riga ya san amsarsa.

Gwajin mako biyu kafin a dogara da kowace hanya

A kwaɓa roba sau ɗaya, a yanka faifai 24. Rabi su sami gashi na biyu, rabi kada su samu. A yi musu filasma a zama ɗaya. Daga kowane rabi, uku a kan tebur a rufe, uku a ruwa a firigo, uku a firiza, uku da shafin PVA. A auna a awa ta farko, awa 6, kwana 1, 3, 7 da 14, ana rubuta zafin ɗaki da laimarsa kusa da kowane awo. Waɗanda ke cikin ruwa a hure su su bushe, a auna a sabon wuri, a mayar nan take. Ranar da wani rukuni ya ƙetare iyakar da aka yanke wa aikin, a rage mata kashi ɗaya cikin uku, abin da ya rage shi ne wa'adin da za a rubuta a jikin leda tare da ranar filasma. A yi gwajin sau biyu a shekara, ɗaya a Afirilu ɗaya a Agusta, kuma a sake shi duk lokacin da aka buɗe sabon gwangwanin Sylgard ko aka canza man famfo.